Amsoshin Tambayoyinku: Wace Taya Ta Dace da Babur?

Tambayar yau daga wani matashi ce a Maigatari. Ya ce ya sayi ƙaramin babur irin na tsere, duk Alhamis yana zuwa kasuwa, wani lokacin har Sule Tankarkar, to wace taya zai saka?

Godiya ga mai tambaya. Amsar tana ga hanyar da yake bi. Taya mai ƙananan zane, wadda irin wannan babur ke zuwa da ita, ta kwalta ce. Daga Gumel zuwa Maigatari tana riƙe titi sosai. Da ya sauka cikin rairayin ƙauyukan Gagarawa kuwa, sai ta fara wutsil-wutsil. A nan taya mai manyan haƙora ake so, ko da yake tana yin ƙara a kan kwalta, kuma ba ta son kwana da gudu.

Sai girma. Girman taya a rubuce yake a gefenta, kuma ta gaba ba ɗaya take da ta baya ba. Wasu samari kan cusa mai faɗi don ado, babur ya yi nauyin juyawa.

Don sanin lokacin da aka ƙera taya, mai tambaya ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikinta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar gwanjo da ta daɗe takan tsattsage a zafin bazara. Iska kuma da safe ake auna ta wurin mai faci, taya na sanyi.