Zuwa Ga Ɗana Da Ya Ce Ba Mu Da Kayan Aiki

Ɗana, mahaifiyarka ta zo mini da maganar da ba ta yi mini daɗi ba. Ta ce ka daina shiga ɗakin gwaji. Wai karatun sassan jiki ɓata lokaci ne a ƙasar da babu wuta, babu kayan aiki, babu tabbacin aiki in an gama. Ta ce dare da rana kana duƙe kan waya, kai da abokanka kuna mainin ɗin kuɗin kirifto, kuna jiran ranar da za ta fashe. Na zaɓi in rubuto maka a fili domin na san ba kai kaɗai ba ne. Abu uku nake son ja maka kunne a kai: haƙuri da karatu, neman halal, da haƙƙin uwa. Amma bari in fara ba ka labarin wani mutum da na daɗe ina koyar da aikinsa.

Sunansa Santiago Ramón y Cajal, mutumin Sifen, an haife shi a 1852 a ƙauyen Petilla. Yaro ne da ya gagari malamai. Yana ɗan shekara 11 ya ƙera igwa ya fasa ƙofar maƙwabci har aka kulle shi. Ba abin da yake so irin zane, mahaifinsa kuwa, wanda likita ne, ya tsani zanen nan. Ya kai shi koyon aski, ya kai shi wajen mai ɗinkin takalmi, duk don ya raba shi da fensir. Sai da ya zaunar da shi gaban ƙasusuwan mutum, yaron ya shiga zana su ɗaya bayan ɗaya, sannan uban ya ga amfanin hannun ɗansa. Ya gama likitanci a Zaragoza a 1873, aka tura shi Kuba a matsayin likitan soja, ya dawo gida zazzaɓin cizon sauro ya cinye shi. Da ɗan abin da ya tara na albashi ya sayi madubin likita na kansa a 1877.

Ka lura da kyau. Sifen ta wancan zamani ba ta cikin lissafin masu bincike. Manyan malamai suna Jamus da Faransa, kuma ba sa karanta Sifaniyanci. Duk abin da kake faɗa a kan ƙasarmu, shi ma yana da damar faɗinsa a kan tasa.

A lokacin, yawancin malamai sun ɗauka ƙwaƙwalwa raga ce guda ɗaya, jijiyoyinta duk a haɗe ba yankewa. Wani Ba'italiye, Camillo Golgi, ya gano a 1873 cewa in aka jiƙa naman ƙwaƙwalwa da wani haɗin ruwan azurfa, ƙwayoyin jijiya kaɗan za su yi baƙi ƙirin da duk rassansu, sauran su zauna fes. Sai dai rinin yana da gardama, yau ya kama gobe ya ƙi, mutane da yawa suka watsar da shi. Cajal ya fara ganinsa a 1887 a Madrid, wajen likita Luis Simarro, ya koma gida ya duƙufa. Ya riƙa jiƙa naman sau biyu, ya bar manyan dabbobi ya koma kan ƙananansu da 'yan tsakin da ba su ƙyanƙyashe ba, domin jijiyoyinsu ba su riga sun lulluɓe da kitsen da ke hana rini shiga ba. Abin da ya gani shi ne kowace ƙwayar jijiya tana da iyakarta. Tana kusantar 'yar'uwarta, amma ba ta narkewa a cikinta.

Inda na fi son ka tsaya shi ne aikinsa a kan tantanin gani, wanda likitoci ke kira retina, ɗan shimfiɗen nan da ke can ƙuryar ido, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Wannan tantani yanki ne na ƙwaƙwalwa da ya miƙo waje tun ɗan tayi yana ciki. Kuma a nan an san inda saƙo ya nufa: haske ya shigo, labari ya tafi ƙwaƙwalwa. Cajal ya bi shi a idon kifi, da kwaɗo, da ƙadangare, da tsuntsu, da dabbobi masu shayarwa, ya tarar da tsari iri ɗaya. Ƙwayoyin da ke kama haske, masu siffar sanda da masu tsini, suna can baya. Su miƙa wa na tsakiya, na tsakiya su miƙa wa na gaba, waɗanda dogayen zarensu suka taru suka zama jijiyar gani, kamar leburori masu miƙa bulo hannu da hannu a wajen gini. A tsakani kuma akwai wasu da ke kai labari gefe da gefe. Sai ya sa 'yan kibiyoyi a zanensa don nuna hanyar saƙo, kuma daga irin wannan lura ya kafa ƙa'idar cewa saƙo yana shiga ƙwayar jijiya ta rassanta ya fita ta dogon zarenta. Yau mun san idon mutum ɗaya yana da masu kama haske fiye da miliyan 90, amma zaren da ke fita zuwa ƙwaƙwalwa miliyan ɗaya ne da ɗoriya. Ashe ido yana tace labari tun kafin ya aika. Subhanallah. Wannan kake kira ɓata lokaci?

Da ya ga ba mai karanta shi, ya kafa mujalla da kuɗin aljihunsa a 1888, yana aika wa malaman waje. Shiru. A 1889 ya ɗauki madubinsa da gilasan gwajinsa, ya biya wa kansa kuɗin jirgin ƙasa zuwa taron malaman sassan jiki a Berlin. Ya jawo Albert von Kölliker, dattijo ɗan shekara 72 kuma babban malamin fannin, ya ce ya leƙa da idonsa. Dattijon ya leƙa, ya gamsu, har ya zauna ya koyi Sifaniyanci don ya karanta rubutun wannan baƙo. A 1906 aka raba kyautar Nobel tsakanin Cajal da Golgi, kuma Golgi ya tashi a wajen bikin yana kare tsohon ra'ayin raga. Cajal ya rasu a 1934. Sai a shekarun 1950, da taimakon madubi mai aiki da lantarki, aka ga ɗan gibin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda shi bai taɓa gani kai tsaye ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan game da ku yaran yanzu: kun daina zane. A zamaninmu ba a fita daga ɗakin gwaji sai ka zana abin da ka gani a littafin aiki, da fensir mai tsini, ka sa wa kowane sashe suna. Malam zai bi layi yana dubawa, in ya ga ka kwafo daga littafi ya soke ya ce ka koma ka leƙa. In wuta ta ɗauke, mu matsa bakin taga mu juya ɗan madubin ƙasa ya kamo hasken rana. Yanzu fa? Ɗalibi ɗaya ya ɗora waya a bakin madubi ya ɗauki hoto, ya tura wa aji duka, kowa ya kama gabansa. Hoto bai tilasta maka yanke hukunci. Mai zane kuwa dole ya tambayi kansa: wannan zaren a nan ya ƙare, ko ya wuce ta ƙarƙashin wancan? Tambayar da ta raba Cajal da Golgi ke nan, alhali rini ɗaya suke amfani da shi. Kai kuma da tun kana firamare kake cika bangon ɗakin kakarka da zanen dawaki, Allah Ya ba ka hannu da ido, ka ɗauke su ka ba wa taɓa gilashin waya. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Ban ce ƙorafinka ƙarya ba ne. Yajin aiki ya ci muku shekaru, kayan gwaji sun tsufa, na sani. Amma ka je asibitin ido na Kaduna ko na Kano da sassafe ka ga layi. Cikinsu akwai masu ciwon suga da tantanin ganinsu ke lalacewa a hankali ba su sani ba, akwai masu hawan jinin ido da jijiyar ganinsu ke mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Waɗannan bayin Allah suna jiran wanda ya san sassan nan ciki da waje. In irinku suka gudu, wa zai duba su?

Takarda ta ƙare ban taɓo maganar halal da ta mahaifiyarka ba. Waɗannan sai ka zo hutu mu zauna, don ba na jarida ba ne. Kafin nan, ranar Litinin ka koma ɗakin gwaji, ka roƙi mai kula da shi ya ba ka gilashin tantanin gani, ka zana shi da hannunka tun daga baya har gaba, ka sa kibiyoyin, ka taho mini da shi. Ka kuma kira mahaifiyarka yau, kada ka bari sai gobe.

Allah Ya yi maka albarka, Ya shirya mana ku baki ɗaya.

Wassalam,
Kawunka.