Wa'azin Barkwanci: Daga Jaridun Ingila Zuwa 'Yan Kama

Gabatarwa

A ƙarni na 19, jaridu da mujallun Ingila da Amurka sun riƙa buga wani rubutun raha mai kama da huɗubar coci, inda marubuci kan ɗauki waƙar yara ya mai da ita nassi. Sanannen misali shi ne "Old Mother Hubbard", waƙar da aka buga a Landan a 1805, kan tsohuwar da ta je ɗauko wa karenta ƙashi ta tarar da kabad wayam. Sai mai huɗubar ya bi ta kalma-kalma yana sharhi, yana jan kunnen jama'a kamar da gaske. Wannan maƙala za ta duba makamancin haka a adabin Hausa.

'Yan Kama

A ƙasar Hausa an fi samun wannan fasaha a adabin baka, musamman wajen 'yan kama, waɗanda C.G.B. Gidley ya yi nazarinsu a 1967. Ɗan kama yakan ari muryar malami da irin jan karatunsa da yadda yake fassara, amma abin da yake fassarawa tuwo ne da miya da nama. Wato siga ta wa'azi ce, jigo kuwa na ciki. Saɓanin nan shi ke jawo dariya.

Tashe

Haka kuma a tashen watan azumi, yaro kan sa gemun auduga da rawani, ya rungumi allo, abokansa na zarginsa da yin rawa, shi kuma yana musu alhali jikinsa na rausaya. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma an taɓa mai faɗar abin da ba ya aikatawa.

Kammalawa

Ni da na tashi a Jiwa, kuma Hausa ba harshen gidanmu ba ce, na daɗe ina dariya a makare, sai na ga wasu sun fara. Daga baya na gane dalili: wanda bai san salon malam ba, ba zai ji inda aka karkatar da shi ba. Don haka ɗalibi ya saurari wa'azi na gaskiya tukuna, ya lura da buɗewarsa da maimaicinsa. Ya kuma sani cewa wasan yana da iyaka: halin mutane ake zolaya, ba a taɓa addini.