Dalilin da Ya Sa Mawadaci Kan Riga Talaka Ganin Likita

Zancen kimiyya na wannan mako a kan jira ya ke, watau kwanakin da mutum kan yi tsakanin ranar da ya nemi ganin likita da ranar da aka ce masa ya shigo. Ba wanda mota ta kaɗe a ke nufi ba, gama shi nan da nan a kan ɗauke shi. Ana nufin mai hawan jini da ya kamata a auna shi, da mai ciwon sukari, da tsohon da tari ya ƙi saki. Masu ilmi sun ƙidaya waɗannan kwanaki a ƙasashen Turawa, suka tarar ba daidai su ke ga kowa ba.

A Amurka al'amarin a fili ya ke. A shekarar 2010 waɗansu masu bincike biyu, Joanna Bisgaier da Karin Rhodes, suka yi wata dabara a lardin Cook, inda birnin Shikago ya ke. Suka sa mata su buga waya zuwa ɗakunan ƙwararrun likitoci 273, kowace ta ce ita uwa ce, ɗanta ba shi da lafiya. Kowane ɗaki sau biyu aka buga masa da labarin ciwo iri ɗaya. Abu guda kaɗai aka sāke: a kira ɗaya uwar ta ce tana da inshorar kamfani, a ɗayan kuwa ta ce inshorar gwamnati ce irin ta talakawa. Cikin masu inshorar kamfani, 11 bisa ɗari aka hana su rana. Cikin masu ta gwamnati, 66 bisa ɗari. Har ma a ɗakunan da suka karɓi duka biyun, wannan yaro kwana 20 zai jira, wancan kuwa kwana 42. Babban dalilin shi ne ladan da gwamnati ke biyan likita bai kai na kamfani ba.

To, mai sauraro ya iya cewa ai wannan ƙasar biya ce, ina labarin inda magani ya ke kyauta? Nan ne zancen ya fi ban sha'awa. Tun ran 5 ga Yuli, 1948, sa'ad da Aneurin Bevan ya ke ministan lafiya, Birtaniya ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, aka daina biyan kuɗi kafin a ga likita. Mutane da yawa suka zaci bambanci ya ƙare ke nan. Amma a 1971 wani likita mai suna Julian Tudor Hart, wanda ke aiki a Glyncorrwg, wani ƙauyen masu haƙar kwal a kudancin Wales, ya rubuta a jaridar likitoci ta Lancet cewa kyakkyawar jiyya ta fi ƙaranci a wurin da aka fi bukatarta, kuma abin ya kan tsananta duk inda aka bar ta a hannun kasuwa.

Waɗanda suka zo bayansa sun auna maganarsa da alƙalumma. A 2007 Stewart Mercer da Graham Watt suka bayyana binciken da suka yi a kan majiyyata fiye da dubu uku a yammacin Sikotilan. Mutanen unguwannin talakawa sun fi daɗewa kafin su sami shiga, sun fi zuwa da tarin matsaloli, kāna in sun shiga lokacin da likita ke ba su ya fi gajarta. A 2012 aka duba takardun mutum miliyan 1 da dubu 750 a ƙasar, aka ga haɗuwar cututtuka biyu ko fi a jikin mutum ɗaya ta kan riski matalauta shekara 10 zuwa 15 kafin ta riski mawadata. A Ingila kuwa, wani rahoto na Health Foundation a 2020 ya nuna in an yi lissafi da nauyin rashin lafiya, likitan unguwar talakawa yana ɗauke da mutane wajen 10 bisa ɗari fiye da takwaransa, kuɗin da a ke ba ɗakinsa don kowane mutum kuwa ya gaza da wajen 7 bisa ɗari.

Kada a rena goma bisa ɗari, domin lissafin layi yana da wata irin ɗabi'a. A ce likita yana iya ganin mutum 30 a yini. In 28 suka nema, kowa ya samu, har da saura. In 32 suka nema, biyu za su kwana. Gobe kuma biyu su ƙaru, kafin ranakun aiki ashirin su cika an tara mutum 40, watau fiye da aikin yini guda cur. Ƙarin mutum huɗu kaɗai ya raba ɗakin da babu layi da ɗakin da layinsa ke tsawo kullum, alhali likitocin biyu ƙwazonsu ɗaya.

Sa'an nan ga abin da ke wuyan majiyyacin kansa. Mazauna Ingila sun san rububin ƙarfe takwas na safe, sa'ad da kowa kan hau waya don neman gurbin ranar. A watan Mayu na 2023 har gwamnati ta fito da shiri musamman don rage shi. Akawun da ke zaune a ofis yana iya ajiye waya a gefe ya jira rabin sa'a. Direban bas fa, ko mai sharar da ta fita tun asuba? Wanda a ke biyansa bisa sa'o'in da ya yi, ganin likita na minti goma ya kan ci masa ladan rabin yini, ban da kuɗin mota da neman mai riƙe masa yara. Saboda haka ya kan ɗaga zuwa har sai ciwo ya matsa. Hawan jini kuwa ba ya yin sallama. Mutum ya iya shekaru da shi bai sani ba, sai ranar da rabin jiki ya shanye.

Shi Tudor Hart bai tsaya ga rubutu ba. Daga 1968 ya kama auna jinin kusan kowane baligi a ƙauyensa, mai ƙorafi da marar ƙorafi, yana ajiye lissafi, wanda bai komo ba a bi sawunsa. A 1991 ya bayyana sakamakon aikin shekara 25: mace-mace a Glyncorrwg sun yi ƙasa da na wani ƙauye maƙwabci mai irin talaucinsa. A 2009 likitocin ɗakuna ɗari da ke unguwannin da suka fi talauci a Sikotilan, galibinsu a Gilasgo da kewayenta, suka haɗa ƙungiya mai suna Deep End, watau wurin zurfin ruwa. Babban abin da suka roƙi hukuma shi ne ta ƙara musu lokacin zama da kowane majiyyaci.