Darasi: Wa Ke Cin Hadayarmu?

Darasinmu na wannan wata ya taso ne daga wata tambaya da matasanmu mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni suka kawo wurin nazarin Littafi Mai Tsarki. Wasunsu sun karanta wani ƙagaggen labari na Turanci mai suna American Gods, wato Allolin Amurka, wanda Neil Gaiman, marubuci ɗan Ingila, ya wallafa a 2001. Wasu kuma sun kalli wasan talabijin da aka yi a kansa daga 2017 zuwa 2021. Suka ce: a cikin labarin akwai ɗa da aka rataye a kan itace saboda ubansa, ya mutu, ya kuma dawo da rai. To, ina bambancinsa da abin da muke tunawa ranar Juma'a Mai Tsarki? Tambaya ce mai nauyi, amsa ta kamace ta, ba tsawa ba. Mu dai faɗa tun da wuri cewa littafin yana da wuraren batsa da ba su dace da yara ba, kuma ba tallarsa muke yi ba.

Ga yadda labarin yake. Wani mutum mai suna Shadow ya fito daga kurkuku bayan shekara 3, ya tarar matarsa ta rasu a hatsarin mota. Sai wani dattijo mai ido ɗaya, wanda ke kiran kansa Wednesday, wato Laraba, ya ɗauke shi aiki. Ashe dattijon nan Odin ne, babban abin bautar mutanen arewacin Turai na dā. Marubucin ya ƙaga cewa kowace al'umma da ta ƙaura zuwa Amurka ta tafi da allolinta a zuciya, har da Anansi na tatsuniyoyin mutanen Akan a ƙasar Gana, ɗan'uwan Gizonmu, wanda ya ƙetare teku tare da bayi. Allolin nan ba su rayuwa sai da sujada da hadayar mutane. Da aka manta da su sai suka tsufa, suka tsiyace, sababbin alloli irin na talabijin da na kwamfuta suka kwashe musu mabiya.

Shadow mutum ne mai riƙon amana. Ya yi wa maigidansa alkawari cewa in ya mutu zai yi masa zaman makoki irin na al'adarsu. Da aka kashe Wednesday ya cika alkawarin, aka ɗaure shi a jikin itace kwana 9 har rai ya yi halinsa. A can ne ya gane abu biyu: Wednesday mahaifinsa ne, kuma yaƙin da ake shiryawa tsakanin tsofaffin alloli da sababbi makirci ne da shi Wednesday ya ƙulla da abokinsa Loki, domin jinin da za a zubar ya zama abincinsa. Har mutuwar tasa ma cikin dabarar take.

Nan amsar tambayarku take, ya ku matasa. Uban da ke cikin labarin mayunwaci ne. Yana bukatar mutuwar ɗansa don ya ƙara ƙarfi, ya kuwa ɓoye masa gaskiya har ya kai shi bakin itacen. Allahn da muke bauta wa ba ya jin yunwa. A Zabura ta 50 ya shaida wa Isra'ila cewa ba ya cin naman bijimai, ba ya shan jinin awaki, gama duniya da abin da ke cikinta nasa ne. A Farawa 22 shi ne ya tsayar da hannun Ibrahim, ya tanadi rago a madadin Ishaku. A kan Gicciye kuwa ba a yaudari kowa ba. Ubangijinmu Yesu ya san inda ya dosa, ya faɗa wa almajiransa sau uku tun kafin su isa Urushalima, kuma a Yohanna 10 ya nuna cewa da yardarsa yake ba da ransa. Wanda ya ci ribar wannan hadaya mu ne. Shi ya sa a Misa ba mu ne ke ciyar da Allah ba, shi ne yake ciyar da mu.

Alloli masu ci ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ke tsare da tsafin Tsumburbura a Dala, da yadda mutane kan kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Da yawa daga cikinmu jikokin Maguzawa ne, mun ji daga bakin kakanninmu irin abin da tsafi kan nema kowace shekara. Ba mu raina su ba, sun yi iyakar abin da suka sani. Abin tsoro shi ne mu da muka sami haske mu koma ciyar da masu ci da sabon suna. Katekisim na Ikkilisiyar Katolika, a sakin layi na 2113, ya lissafa mulki da jin daɗi da kuɗi cikin abubuwan da mutum kan mayar gumaka.

Ku dubi abin da kan faru duk lokacin zaɓe. Saurayi ya sami maigida ɗan siyasa, a ba shi 'yan kuɗi da ƙwaya, ya ɗauki makami yana kiran abin amana. In an sare shi, maigidan ya hau kujera, uwar yaron ta kwana a bakin asibiti. Uriya Bahitte ma amintacce ne, da hannunsa ya kai wa Yowab takardar da Dawuda ya rubuta hukuncin kisansa a ciki, kamar yadda muke karantawa a 2 Sama'ila 11. Amana kyakkyawar ɗabi'a ce, amma kafin a ba da ita sai a tambaya: wa zai ci, wa kuma zai biya?

Saura batun mafarki. A cikin labarin Shadow yakan yi mafarkin wani mutum mai kan ɓauna a ƙarƙashin ƙasa, yana kiransa ya ba da gaskiya, bai kuwa ce masa ga wa ba. Mu ma muna da masu irin wannan kira. Mace ta yi mummunan mafarki, ta garzaya wurin boka ko wani mai kiran kansa annabi, ya ce surukarta mayya ce, ta kawo rago da kuɗi a karya abin. Mun san gidajen da suka watse ta haka. Ba mu musun cewa Allah yakan yi magana ta mafarki. Da mafarki ya hana Waliyyi Yusufu rabuwa da Maryamu, da mafarki kuma ya tura shi Masar don ya tsirar da Yaron daga hannun Hirudus. Amma ku lura, waɗannan mafarkai gida suka haɗa, rai suka ceta, ba su nemi ko kwabo ba. Littafin Sirak, sura ta 34, ya kwatanta mai dogara ga mafarki da mai neman kama inuwa, sai fa in Maɗaukaki ne ya aiko shi. Duk wanda mafarki ya dame shi, ya kai shi ga addu'a, ya je wurin Fada ko katekist kafin ya zargi kowa ko ya kwance lalitarsa.

Kafin taro mai zuwa, kowa ya karanta Irmiya 23 daga aya ta 25 zuwa ta 32, da Ibraniyawa sura ta 10. Matasan da suka kawo tambayar su ne za su buɗe mana tattaunawa.