Zaɓen Ƙaramar Kyamarar Bidiyo ta Gida

Tun da kamfanin Sony ya fito da Handycam a 1985, kyamarar bidiyo ta zama abin riƙewa da hannu ɗaya. To, mai neman ta araha domin suna ko biki, kada babbar lambar jikin kwali ta ruɗe shi. Jawo abu kusa iri biyu ne. A na farko gilasan ciki ke motsawa, hoto ya fito tangaran. A na biyu kuwa tsakiyar hoto ake kumburawa, sai ya dushe, kuma lambar nan galibi tasa ce. Sa'an nan a gwada ta cikin ɗaki da magariba, gama farantin karɓar haskenta ƙarami ne.