Wuƙa da kubenta: kyautar da hannunka ya yi

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa ganin an kayar da ragon layya, sai aka tarar wuƙa ba ta ci? Rago yana shan wahala. Mai yanka yana jin kunya. Yara suna gudu gidan maƙwabta neman aro. In haka ta taɓa faruwa gidanku, to ga kyautar da za ka yi wa baba, ko kawu, ko surukinka: wuƙa mai kaifi, da kubenta na icce. Da hannunka za ka yi ta, ba sayowa za ka yi ba.

Fara da maƙeri

Ƙira sana'a ce ta gado. Kar ka faɗa maƙera kamar gidanka. Ka tafi ka gaida maƙerin garinku, ka faɗa mashi abin da kake so. Ka ce za ka biya gawayi, za ka yi zuga, shi kuma ya nuna maka hanya. Can za ka sami kayan aiki: zuga-zugi, uwar maƙera, masaba, awartaki da magagari.

A da, maƙeran ƙasar Adar suna narka tama su fidda ƙarfe. Yanzu tsohon ƙarfen mota ake nema. Mafi kyau shi ne faffaɗan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, yana ɗauke da nauyinta, wanda ake kira sifirin. Ƙarfen gini ba ya riƙe kaifi, kar ka ɓata gawayinka a kansa. Gawayi kuwa, na ƙirya maƙera suka fi so, don wutarsa tana da ƙarfi.

Awo

Ga inda karatunka zai yi maka rana. Ka ɗauki kwali ka zana wuƙar. Tsawon bakinta santimeta 20. Faɗinta santimeta 4. Siririyar wutsiyar da za ta shiga ƙota, santimeta 12. Duka nawa ke nan? 20 da 12, 32. Ka yanke kwalin, ka aje shi kusa. Da shi za ka riƙa gwadawa.

Ƙira

Sa ƙarfe cikin wuta har ya yi ja wur. Kama shi da awartaki, aza shi bisa uwar maƙera, ka buga. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Da ka ga jan ya dushe, mai da shi wuta. In ka bugi ƙarfe mai sanyi, zai tsage ta ciki, ba ka sani ba sai ranar da ya karye.

In siffa ta fito, ka sake gasa shi ya yi ja, ka turbuɗe shi cikin toka ya kwana. Da safe za ka tarar ya yi laushi, magagari yana cinsa. Goge shi ya yi sumul. Amma kar ka fidda kaifi tukuna. Bar bakin da kauri kamar na farcenka. Baki siriri yana lanƙwashewa wajen ban ruwa.

Ban ruwa

To, nan ne aikin yake. Wuƙa biyu za su fito daga ƙarfe guda, ɗaya ta shekara goma tana yanka, ɗaya ta dakushe ran farko. Bambancin ban ruwa ne.

Ka yi shi da magariba ko cikin inuwa, don ka ga launin ƙarfe sosai. Gasa bakin wuƙar duka, ya yi ja daidai daga tushe har tsini. In kana da maganaɗisu, irin na tsohuwar rediyo, taɓa shi da shi. In ya daina kamawa, zafin ya kai wajen digiri 770. Ƙara zuga kaɗan, sannan ka tsoma bakin a miƙe, tsini a ƙasa.

Cikin me? Sunansa ban ruwa, amma sifirin yakan tsage cikin ruwa mai sanyi. Mai ya fi. Man gyaɗa da aka gama suya da shi ya isa, cikin gwangwani mai zurfi. Yi hattara, man yana iya kamawa da wuta. Aje murfi da yashi kusa, ka kori yara. Wutsiyar kuwa, kar ka tsoma ta.

Yanzu goga magagari a bakin. In yana zamewa ba ya ci, ƙarfe ya sha. Amma aiki bai ƙare ba. A haka wuƙar kamar kwalba take, in ta faɗi sai ta karye. Goge ta ta yi fari. Aza bayanta bisa garwashi, baki a sama, ka zuba ido. In bakin ya yi launin busasshen karan hatsi, ɗauke maza. In ka bari ya yi shuɗi, ka wuce, kaifi ba zai daɗe ba.

Ƙota

Ƙota tana son icce mai tauri, kamar aduwa ko ƙirya. Nemi busasshen reshe, kar ka sari ɗanyen icce. Sassaƙa shi da gizago, tsawon santimeta 11. Huda shi da ƙusa mai zafi. Zura wutsiyar har ta leƙo ta baya, ka lanƙwasa kanta da masaba. Sai wasawa bisa dutse da ruwa, sannu a hankali. Gwada ta da takarda. In ta yanke ba ta yage ba, madalla.

Kube

Kube kuwa icce mai laushi yake so, kamar dashi, don kar ya ci kaifin. Ya zama busasshe ƙarau, don ɗanye yana kawo tsatsa. Fere ɓare biyu masu faɗi. Kwantar da wuƙar bisa kowane, ka zana gefenta da gawayi, ka ƙwaƙule gurbinta. Haɗa su ka gwada. Ta shiga ba da ƙarfi ba, kuma in ka kifa kuben kar ta zubo. Liƙe su da ƙaro. Ɗaure wuri uku da jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe za ta matse da kanta. In kana son ado, kai wa baduku ya sa jar fatar akuyar Maradi a bakin kuben.

Saura abu guda. Gasa ƙusa, ka rubuta sunan mai kyautar a jikin iccen, da shekara. Bara ba ka iya wannan ba. Bana ka iya.

Shafa wa bakin ɗan mai, sa ta cikin kube, ka durƙusa ka miƙa da hannu biyu, ƙota tana duban mai karɓa. Ka roƙe shi ya rataye ta inda yara ba su kai.

Tambayoyi

1. Don me ake kwantar da ƙarfe cikin toka?
2. Wane launi ke nuna lokacin ɗauke wuƙa daga garwashi ya yi?
3. Baki santimeta 18, wutsiya 11. Tsawon ƙarfen nawa ne?
4. Rubuta sunan wanda za ka ba wuƙarka.