Wayar Farko Ta Mai Kiwo: Me Za Ka Duba Kafin Ka Biya?



Yau darasinmu kan waya ne, domin ni kaina ta taɓa ja min asara. Lokacin da na fara da kajin gidan gona guda 50, na ciri kuɗin buhun abinci biyu na sayi wata ta hannu don kawai ta yi min kyau a ido. Ashe batirinta ba ya kaiwa azahar. Ana jibi Sallah wani dillali ya yi ta nemana, waya a mace. Ya sayi na wani, nawa suka ƙara mako guda suna ci, ribar ta tafi a bakinsu.

Ga abin da nake dubawa yanzu:

1. Batir. Nemi mai 5000mAh. Yawancinmu gona na bayan gari, wuta kuma sai an gani.

2. RAM da ma'aji. Kada ta gaza RAM 3GB da ma'aji 64GB. Idan kuɗinka bai kai ba, nemi mai Android Go, don ƙananan wayoyi aka yi shi.

3. 4G da layi biyu. Idan sabis ɗin wannan ya ɗauke a gona, wancan zai cece ka.

4. Kyamara. Ba ta ado muke nema ba. Ɗauki hoto kusa-kusa tun a shago. Ita za ta nuna wa likitan dabbobi kalar kashin kaza ko gyambon jikin tarwada.

5. Gyara. Itel, Tecno da Infinix duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma Carlcare ke kula da garantinsu. Kayan gyaransu ba sa wahalar samu a kasuwa irin Farm Centre ta Kano.

Kafin ka miƙa kuɗi, danna *#06#. Lambar IMEI da ta fito dole ta dace da ta jikin kwali. Ka karɓi rasiti, musamman in ta hannu ce, kada ka sayi ta sata ka shiga uku.

Bayan ka saya, sa ta aiki. Saita tunatarwar rigakafin Gumboro da Lasota, rubuta abincin da aka ci da adadin da suka mutu kullum, ka riƙa ɗora kayanka a WhatsApp mako biyu kafin fitarwa. A bakin kududdufi sa ta cikin leda. In ka ziyarci gonar wani, goge ta kafin ka shiga kejinka, don cuta na bin hannu da kaya.

Abu na ƙarshe: kada ka taɓa kuɗin abinci kamar yadda na yi. Bari ka fitar da zagaye ɗaya, ka saya daga riba.

Allah Ya sanya albarka a kiwonmu, amin.